Zaure Ɗaya Da Makullinsa: Jan Kunne Ga Akawuna Da Malamai

A zamanin En'e, in aka naɗa mutum ma'aji, ko akawun hakimi, ko hedimasta, abu na fari da a kan danƙa masa shi ne damin makullai: na akwatin kuɗi, da na kabad, da na sito. Yana jin nauyinsu a aljihu, in ɗaya ya salwanta kuwa kafin magariba ya sani. Tun gyaran mulki na 1976 ƙananan hukumomi suka gaji ayyukan En'e, amma amanar makulli tana nan a wuyan ma'aikaci, sai dai kamanninta ne suka sake. Makullan yau ba su da nauyi, ba sa ƙara, kuma a kan sace su mai su yana barci. Su ne waɗannan kalmomi da lambobin sirri da mu ke buɗe asusunmu na banki da na intanet da su.

Bari mu ɗauki misalin malamin firamare a Kirikasamma, cikin ƙasar Haɗejiya, mu ƙidaya ƙofofin da ya ke tsaro. Albashinsa ta banki ya ke zuwa, kuma da lambar sirri ya ke taɓa shi ta wayar hannu. Yana da lambar BVN wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, yana da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wadda aka umurta a haɗa ta da layin waya a watan Disamba na 1920 da ɗari, watau 2020. Yana da rajista a hukumar malamai ta TRCN, yana da akwatin imel, da Facebook, da WhatsApp inda a ke sanar da taron malamai. In yana da ɗa mai neman jami'a, ga kuma shafin JAMB, wanda tun 2021 ba a rajista a cikinsa sai da NIN. To, ƙofofi sun tasam ma goma ke nan, ga kai ɗaya. Ba abin mamaki ba ne mutum ya nemi sauƙi. Sauƙin nan kuwa iri biyu ne, suna kama da juna a ido, amma tsakaninsu akwai nisa ƙwarai, kuma bambanta su shi ne maƙasudin wannan bayani.

MAKULLI ƊAYA GA KOWACE ƘOFA

Sauƙi na fari shi ne wanda yawancinmu mu ke yi: mutum ya zaɓi kalma guda, galibi sunan ɗansa da shekarar haihuwa, ko lambar wayarsa, ya riƙa sa ta a kowane shafi. Wannan daidai ya ke da a yanka makulli guda, a yi kwafinsa goma, a bai wa kowane mai shago a kasuwa ɗaya ya ajiye. Ko da tara daga cikinsu masu tsaro ne, in na goma ya yi sakaci an gama da kai.

Manoman fadamar Haɗejiya sun fi kowa sanin wannan. In kogi ya kawo, jinga ba ta bukatar ta ɓalle a wuri goma. Wuri guda ya isa ruwa ya malale gonakin gari duka. Haka sha'anin kalmar sirri ya ke. A 2009 aka kutsa wani kamfani na Amurka mai suna RockYou, aka kwashe kalmomin sirri kimanin miliyan 32, da aka duba sai aka tarar wadda ta fi yawa a ciki ita ce 123456. A 2012 aka kutsa LinkedIn, bayan shekara huɗu aka fito da bayanan asusu fiye da miliyan 100 ana tallarsu. Kamfanin Yahoo kuwa ya bayyana a 2017 cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi asusunsa duka, wajen biliyan 3. Ɓarayi ba sa zama su yi ta cankar kalmarka. Sukan ɗauki irin waɗannan jerin sunaye da kalmomi, su bai wa kwamfuta, ita kuwa ta yi ta gwada su a sauran shafuffuka dare da rana, duk inda makulli ya shiga ta tsaya.

Kada wani ya ce wannan sai jahili ya ke samu. A 2016 aka ƙwace asusun Twitter da na Pinterest na Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook da kansa, masu kutsen kuma suka ce a cikin kayan satar LinkedIn suka tsinci kalmarsa. In gemun wannan ya kama wuta, lalle mu sai mu shafa wa namu ruwa.

ZAURE ƊAYA

Sauƙi na biyu shi ne wanda mu ke gani a shafuffuka da yawa, inda a ke nuna wani maɓalli a ce mutum ya shiga da Google, ko da Facebook, ko da Apple. Wannan ya fi kama da ginin gidan Bahaushe: ɗakuna da yawa a ciki, amma zaure ɗaya, kuma duk mai shiga sai ya yi sallama a nan.

Ga yadda abin ya ke aiki. In ka danna maɓallin, shafin da ka ke son shiga ba ya karɓar kalmar sirrinka ko kaɗan. Sai ya tura ka wurin Google, can za ka faɗi kalmar, Google kuwa ya ba shafin wata shaida cewa lalle wannan wane ne. Misalinsa kamar mai neman takardar asali ne a ƙaramar hukuma: sakatare bai san shi ba, amma ya san hatimin hakimi, hakimi kuwa ya dogara ga dagaci da mai unguwa. Saboda haka ko da an fasa wancan shafi gobe, ba za a sami kalmarka a ciki ba, don tun farko ba a ba shi ita ba.

Dabarar nan ta daɗe ana gina ta. Ita kalmar sirri ta kwamfuta an soma aiki da ita wajen 1961 a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin wani malami Fernando Corbató, sa'ad da mutane da yawa ke tarayya a kan na'ura guda. A 1999 kamfanin Microsoft ya gwada shiga ta ƙofa ɗaya da wani tsari mai suna Passport. A 2005 wani matashi, Brad Fitzpatrick, ya ƙago OpenID, don kada ƙofar ta zama mallakar kamfani guda. Facebook ya fito da nasa a 2008, aka daidaita ƙa'idar OpenID Connect a 2014, wadda maɓallin Google ke bi, sa'an nan Apple ya shigo a 2019.

A ganinmu, ga malami ko akawu mai ƙofofi goma, zaure ɗaya ya fi kwafin makulli goma nesa ba kusa ba. Amma fa akwai sharaɗi, kuma sharaɗin babba ne: wanda ya sami zauren ya sami gidan duka. A watan Satumba na 2018 Facebook ya sanar cewa an sace irin wannan shaida ta shiga, daga baya ya ce abin ya shafi mutum kimanin miliyan 30. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen sa'a shida, waɗanda ba su da wata hanyar shiga wasu shafuffuka sai ta Facebook suka tsaya a waje. Har wa yau, mai tsaron zaure yana ganin duk ɗakin da ka shiga, watau kamfanin yana sanin shafuffukan da ka ke hulɗa da su. Don haka shawararmu ita ce a yi amfani da zaure ɗaya ga ƙananan abubuwa, kamar shafin karatu da na labarai, amma banki da abin da ya shafi albashi da fansho kowanne ya zauna da nasa makulli dabam. Kuma lokaci lokaci mutum ya leƙa cikin asusunsa na Google ko Facebook ya ga jerin shafuffukan da ya ba izni, ya soke waɗanda ya bar amfani da su.

INA AINIHIN ZAUREN YA KE?

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. In ka manta kalmar sirri ta wani shafi, ina a ke aiko maka da sabuwa? A imel. In ka manta ta imel fa? A layin wayarka. Ashe ke nan ɗan ƙaramin katin nan na cikin waya shi ne ƙofar zauren, kuma da shi a ke taɓa albashi ko da babu intanet.

Abu uku ke raba mutum da layinsa. Na ɗaya sata ko ɓata, kuma a ƙasa irin ta Kirikasamma da Guri, inda da damina a kan ƙetare ruwa a kwalekwale, faɗawar waya cikin kogi ba baƙon abu ba ne. Na biyu, wani ya je da ƙarya ya karɓi sabon kati da lambarka. Na uku, mutum ya yar da layi ya bar aiki da shi. Bayan wani lokaci kamfani ya kan sayar da lambar ga wani, saƙonnin banki da na imel kuwa su ci gaba da zuwa can. Maganin waɗannan shi ne a sa wa katin kansa lambar sirri, ban da wadda ke kulle fuskar waya, don in an zare shi an sa a wata waya ya ƙi aiki. A tabbata layin da sunan mai shi da NIN ɗinsa aka yi masa rajista, don ranar da ya ɓace shi kaɗai zai iya karɓo madadinsa. In waya ta ɓace, a fara da sanar da banki a rufe asusu, sa'an nan kamfanin waya. In kuma za a sake layi, a bi banki da imel da sauran wurare a sauya lambar tun tsohon yana hannu.

Akwai wata damfara da ta yawaita cikin ƙungiyoyin WhatsApp na ma'aikata. Wani ya kira ka da ladabi, ya ambaci sunanka da na ƙungiyarku, ya ce za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida, ka karanto masa don a sa ka a ciki. Lambar nan ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Da ka faɗa, shi ke nan, sai ya shiga da sunanka da hotonka yana roƙon abokan aikinka rance, yana cewa ɗanka na asibiti. Kuɗin mutane ya tafi, mutuncinka kuma ya taɓu. Ƙa'ida guda ce, a riƙe ta da kyau: duk lambar da ta zo wayarka ta saƙo taka ce kai kaɗai, kuma babu ma'aikacin banki ko na hukuma na gaskiya da zai ce ka karanto masa ita.

SHAGON INTANET DA 'YA'YANMU

Lokacin rajistar jarrabawa, ɗalibai daga ƙauyukan fadama sukan tafi Haɗejiya ko wani babban gari a cika musu takardu. Yawancin masu shagunan nan mutanen kirki ne masu neman halali, amma gaggawa da cunkoso sukan sa a buɗe wa yaro imel da kalmar da bai sani ba, ko a sa lambar wayar wani a madadin tasa. Ranar da sakamako ya fito, ko jami'a ta ba shi gurbi, sai a tarar makullin yana hannun wanda ba a san inda ya ke ba. JAMB tana ɗaure bayanan ɗalibi da layin da ya yi rajista da shi, saboda haka layin nan ya zama na yaron ko na mahaifinsa, a kuma adana shi har ya shiga makaranta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu malamai ne ya kamata mu zaunar da 'yan ajin ƙarshe kafin su tafi, kowa ya buɗe imel ɗinsa da hannunsa, ya buga kalmarsa da kansa a shagon, in ya gama kuma ya fita daga asusun kafin ya tashi daga kujera, kada ya yarda kwamfutar shago ta riƙe masa kalmar.

YADDA A KE ƘERA MAKULLI

Da can a kan ce sai an cakuɗa manyan baƙaƙe da ƙanana da alamomi, a kuma riƙa sakewa duk bayan 'yan watanni. A 2017 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta sake shawara, ta ce tsawo ya fi cakuɗa amfani, kuma ba a tilasta sake kalma sai in akwai alamar an sace ta.

Lissafi zai nuna dalili, malaman lissafi kuma sai su gwada da ɗalibansu. Lamba huɗu tana da fuska 10,000 kacal, lamba shida tana da 1,000,000. Ƙananan baƙaƙe takwas daga cikin 26 suna ba da wajen biliyan 209. Amma in mutum ya zaɓi kalmomi huɗu da ka daga cikin kalmomi 2,000 na Hausa, fuskokin sun kai biliyan 16,000, watau sun ninka na baƙaƙe takwas fiye da sau 70, ga su kuma da sauƙin tunawa. In aka ƙara ta biyar, sai a sake ninkawa sau 2,000. Sharaɗin dai shi ne kalmomin kada su kasance da dangantaka da juna ko da mai su. A buɗe ƙamus wuri huɗu ko biyar ido rufe, a ɗauki abin da yatsa ya faɗa a kai. Karin magana da baitin waƙa da sunan gari ba su da tsaro, don abin da kowa ya sani ɓarawo ma ya sani. Kuma ya fi kyau a guji baƙaƙe masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, domin ba kowace waya ko kwamfuta ke da su ba, kada mutum ya kulle kansa a waje.

Bayan makulli sai kwaɗo na biyu. Tsohuwar ƙa'idar ajiyar kuɗin hukuma ita ce kada mutum guda ya iya buɗe ɗakin ajiya shi kaɗai. Haka Google tun 2011, da WhatsApp tun 2017, suka ba da damar tabbatarwa mataki biyu, yadda ko an sace kalmar ba za a shiga ba sai da abu na biyu. Minti biyar ya isa a kunna shi. A 2022 kuma Apple da Google da Microsoft suka haɗa kai a kan wani sabon tsari, inda makullin ke zaune cikin wayar, a buɗe shi da zanen yatsa ko fuska, babu wata kalma da mayaudari zai ce a karanto masa. Wanda wayarsa ke iya wannan, ya kyautu ya karɓe shi.

INA ZA A AJIYE?

Kai ba ya ɗaukar kalmomi goma masu tsawo, kuma ba a ce ya ɗauka ba. Mutum ya haddace biyu ko uku: ta imel, da ta banki, da ta buɗe waya. Sauran kuwa akwai manhaja mai aikin ma'aji, wadda ke ƙirƙiro kalmomi ta adana su, wata ma tana cikin wayar tun daga kamfani. Ita ma ba a ce ba ta da haɗari ba, gama a 2022 an kutsa LastPass, ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, aka kwafi ajiyar mutane a kulle, waɗanda babbar kalmarsu ke da rauni su ne suka fi shiga damuwa.

Wanda bai amince da manhaja ba, littafi ma hanya ce, muddin a gida ya ke zaune, ba a aljihu ko bayan waya ko aljihun teburin ofis ba. Ɓarawon da ke wata ƙasa ba shi da hannun da zai kai akwatin ɗakinka. Sai dai mutanen bakin kogi sun ga abin da ambaliya ta yi a 2020 da 2022, don haka a naɗe littafin a leda, a haɗa shi da takardun shaidar karatu, a sa a wuri mai tudu. A cikinsa a rubuta har da lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa don ranar da waya ta ɓace. Kuma tun da ya ke rai na hannun Allah, ya kamata mutum guda amintacce cikin iyali ya san inda littafin ya ke, kada magada su sha wahala.

AMANAR OFIS

Abin da ya rage shi ne na wurin aiki. Sau da yawa imel ɗin makaranta ko na sashe a kan buɗe shi da layin hedimasta ko na akawu, kalmar kuma kowa ya san ta har masinja. In aka yi wa mai layin canjin wurin aiki, sai ya tafi da makullin hukuma a aljihunsa. Kamar yadda a ke ƙidaya kujeru da rajista cikin takardar miƙa aiki, haka ya kamata a lissafa kowane asusu na intanet, a sauya lambar waya, sabon mai riƙo kuma ya sake kalmar a ranar da ya karɓa. Inda tsari ya ba da dama, kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa, don in an taɓa maki ko jerin albashi a san hannun wa.

Wannan kuwa har doka ta shigo cikinsa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izni ba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu da ke hannunmu suna cikin wannan. Kada kuma a ɗauka ilmin nan na mutanen nesa ne, gama ɗan Haɗejiya ne, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, aka naɗa shugaban hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a 2019.

To, jama'a, ga abin da mu ke roƙo kowane akawu da kowane malami ya yi kafin albashin wannan wata ya shigo: ya sake kalmar imel ɗinsa da mai tsawo wadda ba ya amfani da ita ko'ina, ya kunna kwaɗo na biyu a imel da WhatsApp, ya sa wa katin wayarsa lamba, sa'an nan ya koya wa mutum guda a ofis ko a aji. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mana amanar da ke wuyanmu, amin.